Tambarin Farkon Fim: Na Kanti, Ɗinkin Tela, Ko Ka Ɗinka Da Kanka?

Duk wanda ya tashi a zamanin kaset ya san wannan. Ka tura kaset cikin bidiyo, allo ya yi shuɗi, layuka su ɗan yi rawa, sai wani tambari ya taso yana juyi da kiɗansa tun kafin a ga fuskar kowa. A kaset ɗin Turawa na Warner Home Video ne ko CIC Video, a na Indiya kuwa Eros ko Shemaroo. Aikin masu waɗannan sunaye shi ne buga fim da kai shi kasuwa, kuma sun san kwali yana yagewa, takardar da aka manna a jikin kaset tana ɓarewa. Abin da ke cikin zaren ne kaɗai yake bin fim duk gidan da ya shiga. Da harkar fim ta kafu a Kano bayan fitowar Turmin Danya a 1990, furodusoshi da 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai su ma suka ɗauki al'adar, har ta kai yaro yana tsakar gida zai ji sautin farko daga ɗaki ya faɗa maka fim ɗin wane kamfani aka sa.

Kaset ya tafi, CD ta bi bayansa, amma buƙatar tana nan, har ma ta ƙaru. Yau fim yana fita ne ta YouTube, ta manhajojin kallo, ta tashoshi irin su Arewa24, da ta hannun masu turawa a waya da mamori, inda babu kwali ko kaɗan. Idan ka buɗe kamfanin rarraba fina-finai, ko sitidiyon fassara, ko tashar da za ka riƙa sakin shiri mai dogon zango, za ka tsaya a inda mutane da yawa suka tsaya: wa zai yi mini tambarin nan mai motsi, nawa zan kashe, kuma nawa ne da gaske bayan na biya?

Hanyoyi biyar ne a gabanka. Kafin mu bi su, ga mudun da zan auna su da shi.

Ma'aunin

Na farko kuɗi. Ba kuɗin ranar farko kaɗai ba, har da na gyara, da na wata-wata idan akwai, da wahalar biya da dala. Wanda ya taɓa gwada sayen abu a intanet da katin naira ya ga an ƙi karɓa ya san wannan ma kuɗi ne.

Na biyu daɗewa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Tambari abu ne da ake yi sau ɗaya a manna shi a gaban fim ɗari. Cikin shekara talatin da 'yan kai, allon da Bahaushe yake kallo a kai ya sauya siffa sau da yawa. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576. Daga nan aka koma allo mai faɗi, 1920 da 1080, yanzu ana maganar 3840 da 2160, ga kuma TikTok da ya miƙar da allon tsaye. Tambarin da ba za a iya sake fitar da shi a sabon girma ba, ya mutu tare da zamaninsa. Ni kaina na sha wannan. Wani yaro ya taɓa yi mana tambari mai kyau a zamanin DVD, muka biya, muka karɓi bidiyon kawai muka tafi. Da za mu koma YouTube sai ga shi dishi-dishi da baƙin gefe hagu da dama. Muka koma wurinsa neman asalin fayil ɗin aikin, ya ce kwamfutar ta daɗe da lalacewa. Laifinmu ne fiye da nasa, domin ba mu nema ba tun farko.

Na uku sauƙi: kwana nawa zai ɗauka, wace irin na'ura ake bukata, kuma me zai faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Na huɗu haɗari, wato mallaka. Hoton naka ne? Kiɗan fa? Za ka iya yi masa rajista? Za ka wayi gari ka ga irinsa sak a gaban fim ɗin abokin hamayyarka?

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke shiga cikin dukkan huɗun. Ɗaya haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutu da yawa na Turawa ba su da su, sai ka rubuta Ɗan da ke cikin sunanka ka ga akwati ya fito a wurin harafin farko, ko a tilasta maka rubuta Kasa a inda kake nufin Ƙasa. Ɗayan kuwa sauti. Ba banza ba Hausa ta kira alamar kamfani da sunan gangar sarki: tambari jin sa ake yi kafin a ga mai shi. Kiɗan buɗe fim na 20th Century Fox, Alfred Newman ya tsara shi a 1933. A 2020 Disney ta cire kalmar Fox daga sunan kamfanin, amma kiɗan yana nan daram. Netflix kuma bugu biyu kacal ta zaɓa a 2015, kuma ko a ɗaya ɗakin kake za ka gane shi. Mutanenmu kan kashe kuɗin duka a kan hoto, su ɗauko sautin a duk inda suka tsince shi. Baibai ke nan.

Hanya ta ɗaya: tamfilet, wato rigar kanti

Tamfilet tambari ne da wani ya riga ya tsara motsinsa, ya bar gurbi ka saka sunanka da alamarka. Ana samun su a shafukan intanet da manhajoji irin su VideoHive, Envato Elements, Motion Array, Renderforest, Canva, har da CapCut a waya.

Ta fuskar kuɗi yana da araha sosai. A VideoHive yawancin na buɗe fim suna tsakanin dala 10 da 30, biya ɗaya. Envato Elements kuɗin wata ne, wajen dala 16 zuwa 17 ga wanda ya ɗauki na shekara. Renderforest yana barin ka gwada kyauta, sai dai zai manna alamarsa a jikin bidiyon har sai ka biya. Amma ka lura, yawancin masu kyan an yi su ne don After Effects, manhajar motsa hoto, wanda shi ma sai an biya sama da dala 20 duk wata, ko kuma ka kai wa editan da yake da shi.

Sauƙi kuwa ba a magana. Da azahar ka saya, kafin magariba ka gama.

Daɗewarsa matsakaiciya ce. Idan ka sayi wanda ake sauke fayil ɗin aikinsa, ka adana shi, za ka iya sake fitarwa gobe. Idan na shafin intanet ne da ake haɗawa a can, to bidiyon da ka sauke shi ke nan abin da ka mallaka. Sannan tamfilet yana da yayi kamar atamfa. An yi zamanin zinare mai ƙyalli, aka yi na hayaƙi da tartsatsin wuta, aka yi na gilashi yana farfashewa. Mai ido yana gani zai faɗa maka shekarar da aka yi shi.

Haɗarinsa ne ya fi yawa, kuma kala uku ne. Na farko, ba kai kaɗai aka sayar wa ba. Rigar kanti ce, ranar sallah kana iya haɗuwa da mutum uku sanye da irinta, kuma a kasuwa ƙarama irin tamu inda editoci suke musayar fayil a tsakaninsu, haɗuwar ba ta da wuya. Na biyu, kiɗan da ka ji a tallar tamfilet ɗin galibi ba ya cikin abin da ka saya, lasisinsa daban ne. Mutane kan yanko shi daga tallar su ɗora, sai Content ID, tsarin YouTube mai gano kiɗan da yake mallakar wani, ya kama shi. Ka tuna tambarin yana gaban kowane fim da ka saki, don haka ƙorafi ɗaya a kan daƙiƙa bakwai yana iya bin bidiyo hamsin a lokaci guda, kuɗin tallarsu ya koma aljihun wani. Na uku, sharuɗɗan lasisi. VideoHive yana bambanta abin da za a raba kyauta da abin da za a sayar, kuma na biyun ya fi tsada. A Envato Elements kowane amfani ana ɗaure shi ne da aiki guda, kuma sai rajistarka tana raye za ka buɗe sabon aiki da shi. Canva kuma ta faɗa ƙarara cewa alamar da aka haɗa da tamfilet ɗinta da hotunanta na haya ba a yi mata rajistar mallaka. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Dabarar da ke rage matsalar ita ce: alamar kanta, wato zanen da ba ya motsi, ta zama taka ce da aka zana maka daban. Tamfilet ɗin motsi kawai zai ba ta. Sautin kuma ka sa a yi maka naka.

Hanya ta biyu: ba wa mai sana'a, wato ɗinkin tela

Nan akwai tela na gida da na intanet.

Na gida shi ne mai zane da motsa hoto da za ka iya zuwa ka zauna kusa da shi, irin waɗanda suke sitidiyoyin Titin Gidan Zoo a Kano, ko a Kaduna, ko Jos. Farashi ciniki ne, kuma ya danganta da ko shimfiɗaɗɗen zane kake so ko mai jiki da inuwa da ake zagayawa. Kowane iri ne dai ya fi tamfilet tsada, amma da naira za ka biya, kana iya ba da kafin alƙalami ka cika sauran bayan ka gani. Babbar fa'idarsa ita ce ya san abin da kake nufi. Ka ce masa kana son dagin Arewa ya warware ya zama harafin farko na sunanka, ko kana son zanen ƙofar gari, ko rubutun ajami ya rikiɗe ya koma boko, ba sai ka yi dogon bayani ba. Harafi mai lanƙwasa ma idan babu shi a salon rubutun, zai zana masa ƙugiyar da hannu.

Na intanet su ne na Fiverr da Upwork, shafukan da ake ɗaukar masu sana'a aiki. Fiverr ya yi suna ne da aikin dala 5, kuma har yanzu za ka ga masu tallar tambari a kusa da wannan farashin. Kada ka ruɗu. Wanda zai yi maka tambari mai motsi a dala 5 cikin awa 24, tamfilet zai buɗe ya saka sunanka, wataƙila ma wanda bai biya lasisinsa ba. Ka koma hanya ta ɗaya ke nan, da ƙarin ɗan tsakiya. Masu yin aiki daga tushe suna nan, ƙwararru sosai, amma kuɗinsu ya ninka wancan sau da yawa, kuma fayil ɗin aiki sukan caje shi daban.

Wannan tambayar ita ce za ka yi wa na gida ma, ba tare da jin nauyi ba: Malam, daga tushe za ka yi ko tamfilet za ka ɗora? Duka biyun sana'a ce, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ta fuskar daɗewa, wannan hanya tana cikin na gaba, da sharaɗin ka karɓi kayanka cikakku. Ga abin da ya kamata ya shiga hannunka ranar da ka cika kuɗi:

- Fayil ɗin aikin kansa, tare da duk hotuna da salon rubutun da aka yi amfani da su.
- Alamar a zanen da ba ya fashewa komai girman da aka ja shi, irin SVG ko na Illustrator.
- Bidiyo a 3840 da 2160, da wani a 1920 da 1080, da na tsaye don waya.
- Kwafi marar bango, wanda za a iya ɗora shi a kan kowane hoto. Editoci kan fitar da shi a ProRes 4444.
- Sautin shi kaɗai a nau'in fayil na WAV.
- Dogo da gajere: na daƙiƙa takwas zuwa goma don sinima da talabijin, na daƙiƙa uku don YouTube.

Sai ka ajiye su wuri biyu, ɗaya a faifan ajiya, ɗaya a intanet.

Sauƙinsa ya danganta da mutumin. Halin tela dai ka san shi, gobe ba ta ƙarewa. Ku yanke rana, ku yanke sau nawa zai yi gyara kyauta, domin a wurin gyara ake ɓatawa.

Haɗarin da ake mantawa shi ne takarda. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi tun farko sai dai in an yi yarjejeniya, kuma miƙa haƙƙin ga wani sai a rubuce yake tabbata. Biyan kuɗi ta banki da kalmar na gode ba su isa ba. Rabin shafi ya wadatar: ni wane na yi wa kamfani kaza tambari, na miƙa masa dukkan haƙƙin hoto da sauti, a sa hannu da shaida. Haka za ka yi da makaɗin da ya buga maka sautin. Mutane suna ganin neman takarda rashin yarda ne, alhali ranar da kamfanin ya girma ita ce za ta hana zumunci lalacewa.

Tunda an zo kan sauti, a nan ne muke da arzikin da ba mu taɓa ba. Bugun kalangu uku, ko jan gurmi guda, ko busar sarewa gajeriya, in aka ɗauka da kyau a sitidiyo, babu Content ID ɗin da zai ce na wani ne, kuma babu wanda zai ji ya ɗauka kamfanin Legas ne ko na Mumbai. Kakaki da algaita suna da kwarjini, sai dai kayan fada ne. Sun dace da mai fina-finan sarauta da tarihi, amma a gaban wasan barkwanci sai su zama kamar rawani a kan gajeren wando.

Hanya ta uku: ka zauna ka yi da kanka

Kayan aikin yanzu ba su ne matsala ba. Blender, manhajar yin zane mai jiki da motsi, kyauta ne gaba ɗaya, kuma ba abin rainawa ba ne: da shi aka yi Flow, fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. DaVinci Resolve, manhajar haɗa bidiyo, yana da na kyauta mai ɗauke da sashen Fusion na motsa hoto, na kuɗinsa kuma dala 295 ne biya ɗaya. Don haka a takarda, wannan hanya ba ta cin ko kwabo.

A zahiri lokacinka take ci, da wuta, da data ta kallon darussa. Ga lissafi mai sauƙi. Talabijin ɗinmu hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, don haka tambarin daƙiƙa 10 hoto 250 ne. Idan kwamfutarka tana ɗaukar minti biyu kafin ta fitar da kowane ɗaya, abin da ba baƙo ba ne ga zane mai jiki da haske a ƙaramar kwamfuta, minti 500 ke nan, sama da awa takwas. Ka gama ka ga kuskure a harafi ɗaya, ka sake. Shawarar da duk wanda ya sha wuyar wutar Najeriya zai ba ka: kada ka fitar da shi kai tsaye a matsayin bidiyo. Ka fitar da shi hoto ɗai-ɗai, in aka ɗauke wuta a na 180 sai ka ci gaba daga na 181, daga baya ka haɗa.

Mallaka da daɗewa duka naka ne, fayil yana hannunka. Abin dubawa kawai lasisin salon rubutun, kuma na Google Fonts kyauta ne har don kasuwanci, wasunsu kamar Noto Sans suna da haruffanmu cikakku.

Haɗarin na ido ne. Sabon hannu yana son ya nuna duk abin da ya koya: wuta, walƙiya, duniya tana juyawa, zaki yana tsalle, duk a daƙiƙa goma sha biyar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Idan za ka bi wannan hanya, ka tsaya a kan motsi ɗaya, launi biyu, bango baƙi. Sauƙaƙan tambari da aka yi da tsabta ya fi mai hayaniya daɗewa, kuma shi ne wanda sabon hannu zai iya.

Hanya ta huɗu: ɗauka da kyamara

Wannan an fi mantawa da ita, alhali mu 'yan fim ne, kyamara da fitila suna hannunmu. Zakin nan mai ruri a tambarin kamfanin fim na MGM, na gaske ne aka ɗauka a 1957, ya yi aiki har 2021 kafin a musanya shi da na kwamfuta. Shekara sittin da huɗu daga ɗauka guda.

Ba sai ka nemo zaki ba. Hannun maƙeri yana buga hatimi a jikin fata, alƙalami yana rubuta sunan a kan allo, mayafi ana zaro shi daga rini, doki ya ratsa cikin ƙura sunan ya bayyana a bayansa. Kuɗinsa na rabin yinin aiki ne, ko ma ka saƙala shi a ranar da kake da kayan aiki a wurin ɗaukar wani fim. Babu mai irinsa a duniya. Sharuɗɗansa uku: ka ɗauka a mafi girman ingancin da kyamarar take iyawa, ka bar fili a gefe don a iya yanka shi a tsaye, sannan ka guji sa fuskar jarumi. Jarumi yana iya barin kamfani, ko ku saɓa, ko wani abu ya same shi a idon jama'a, tambarin ya zama kaya. Rubutun da za a ɗora a kai kuma har yanzu sai an nemi edita mai tsabtar hannu.

Hanya ta biyar: ƙirƙirarriyar basira

Manhajoji irin su Runway, Kling da Veo suna fitar da bidiyo na 'yan daƙiƙu daga bayanin da ka rubuta. Suna da sauri, kuɗin wata ne da dala, kuma hoton yana burgewa a kallon farko. Sai dai rubutu yana ba su wahala, haruffa kan narke ko su sauya siffa a tsakiyar motsi, balle masu lanƙwasa. Babu fayil ɗin aiki da za ka buɗe ka gyara abu ɗaya, in ka sake nema wani abu daban za a ba ka. Mallakarsa ma ba ta zauna ba: ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce abin da na'ura ta fitar daga umarni kawai, ba tare da aikin hannun mutum ba, ba ya samun kariya. A ganina amfaninsa biyu ne: gwada tunani kafin ka je wurin mai sana'a, ko samar da bango kamar hadari ko rairayi da za a ɗora alamarka a kai.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tamfilet | Kaɗan, da dala | Matsakaiciya, yana bin yayi | Yini ɗaya | Wani yana da irinsa. Kiɗa da lasisi |
| Mai sana'a na gida | Matsakaici zuwa mai yawa, da naira | Doguwa, in ka karɓi fayil | Kwanaki zuwa makonni | Jinkiri. Rashin takarda |
| Mai sana'a na intanet | Daga kaɗan zuwa mai yawa, da dala | Doguwa in daga tushe ne | Sai da Turanci da haƙuri | A sayar maka da tamfilet |
| Yi da kanka | Lokaci, wuta da data | Doguwa | Mafi wuya | Aiki ya fito na koyo |
| Ɗauka da kyamara | Rabin yinin aiki | Doguwa sosai | Mai sauƙi ga ɗan fim | Ƙarancin inganci. Fuskar mutum |
| Ƙirƙirarriyar basira | Kuɗin wata, da dala | Gajeriya | Minti kaɗan | Rubutu ya lalace, mallaka |

Abu biyu da ba su cikin jadawalin

Rajista. Sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban, rajistar alama daban. A Najeriya ofishin rajistar alamun kasuwanci yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, rajistar farko shekara bakwai take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara goma sha huɗu. Wanda yake Maraɗi ko Damagaram, ko yake sayarwa a Nijar da Chadi da Kamaru, hanyarsa ta OAPI ce, hukumar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take rufe ƙasashe 17 na tsawon shekara goma. Abin da za ka kai musu shi ne zanen alamar da ba ya motsi, shi ya sa nake ta nanata cewa zanen ya zama naka ko da motsin na haya ne.

Sai almakashin masu turawa. Tambarin farko shi ne abu mafi sauƙin yankewa, kuma wanda ya saci fim ɗinka zai yanke shi ya ɗora nasa. Don haka ko wace hanya ka bi, ka nemi ƙaramin kwafi marar bango da zai zauna a kusurwar allo tsawon fim ɗin. Sannan ka ƙirga abin da ke gaban fim ɗinka: shaidar hukumar tacewa, tambarin dillali, na furodusa, godiya, talla. A zamanin kaset mai kallo yana zaune ba shi da zaɓi sai jira. A waya datarsa ce take tafiya, kuma yatsansa yana kan allo. A YouTube na fi son a fara da ɗan yankin labarin, sannan tambari na daƙiƙa uku ya shigo.

Wa ya dace da wace?

Idan yanzu ka buɗe tasha, ba ka san ko za ta kai baɗi ba, ka ɗauki tamfilet mai sauƙi, ka biya lasisinsa, ka cire kiɗan da ya zo da shi ka sa naka. Kuɗin da ya rage ka zuba shi a makirfo.

Idan kamfanin rarrabawa ne ko sitidiyon fassara da zai riƙa sakin aiki duk mako, kuma sunan ne jarinka, je ka wurin mai sana'a na gida. Ka biya shi da kyau, ka karɓi fayil da takarda, ka kira makaɗi daban, ka yi wa alamar rajista. A nan ni zan sa kuɗina.

Idan fim kake shiryawa don sinima ko don tura wa manyan manhajoji da bukukuwan fina-finai na waje, haɗa biyu: ɗauka da kyamara, sannan ƙwararre ya ɗora rubutu ya daidaita sauti. Babban allo yana tona asirin aikin araha.

Idan kai edita ne da kake son ƙara sana'a, Blender ko Fusion, kuma tambarinka ya zama aikin gwajinka na farko. Amma kada ranar sakin fim ta matso kana kan koyo.

Idan kana ƙasar waje ko garin da babu mai wannan sana'a kusa, na intanet zai yi, da sharaɗin ka tura masa sunan a rubuce da haruffansa daidai, ka nemi ya nuna maka zanen farko kafin ya motsa shi, kuma fayil ɗin aiki ya shiga cikin ciniki tun daga farko.

Idan kuwa gobe da safe ne za ka saki fim ɗin, babu kuɗi babu lokaci, rubuta sunan kamfanin da farin rubutu a kan baƙin bango, ya bayyana a hankali ya ɓace cikin daƙiƙa uku, da bugun kalangu ɗaya a ƙarƙashinsa. Kowane edita zai haɗa maka wannan cikin minti goma.